Kurkunun da Na Tsinka da Hannuna

Ina rubuta wannan ga 'yan'uwana mata masu neman ilmin magani. A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce, na sauke Alƙur'ani, ina zaune gidan gwaggona a wani ƙauye da ke wajen ganuwar Kunci. Kakanninmu daga Barno suka zo da littattafansu, kuma gwaggo ce ta gaji na ɗibbu, wato ilmin magani, a cikinsu. Ni yarinya ce mai yawan tunani, wadda kan tsaya kallon hadari har tuwo ya ƙone. Na ɗauka koyon magani karatu ne mai daɗi kamar waƙa.

Ashe ba haka ba ne. Da an idar da asuba muke shiga jeji haƙar saiwa da saran sassaƙe, raɓa na jiƙa mana zane. Mu dawo in yi daka har tafina ya yi kanta, da rana kuma in zauna haddar babin zazzaɓi ko na ciwon ciki, ina gyangyaɗi. Ko na wanke hannu da toka, ɗacin maɗaci ba ya barin lomata. Ƙawayena suka daina kirana dandali. Shekara uku cur aikina riƙe ƙwarya, gwaggo ba ta bar ni na taɓa majinyaci ba.

A daminar shekara ta huɗu aka kawo mana wata Bafulatana a kan jaki, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da gona ɗaya. Kurkunu ne ya fito mata a idon sawu. Wanda ya san kurkunu ya san yadda ake yi da shi: a ɗaura kansa a tsinke, kullum a naɗe kaɗan, in ya tirje a ƙyale shi sai gobe. Yakan ɗauki wata guda. Matar nan mai barkwanci ce. Tunda ta ji mu Barebari ne ta ce ai bayinta ta zo gani, ta riƙa kirana baiwarta mai idon barci, ni kuma in ce mata ta biya kuɗin nonon da ta surka da ruwa tukuna. Na shaƙu da ita sosai.

Ana kwana tara da fara naɗin aka aiko wa gwaggo daga wani ƙauye kan wata mai doguwar naƙuda. Kafin ta hau jaki ta damƙa mini tsinken, ta nuna mini gaɓar yatsanta, ta ce kada in wuce wannan a yini, ko da Bafulatanar za ta yi kuka. Raina ya yi fari, don ita ce majinyaciyata ta farko.

Washegari matar ba ta yi wasa ba. Ta ce ciyawa ta rufe geronta, maƙwabta sun gama noman farko sun shiga maimai, kuma ba ta da hatsin da za ta kira gayya. Ta riƙe hannuna ta ce, don Allah 'yar Malam in tausaya wa marayu, in ƙara ja, ta ji a jikinta saura kaɗan. Na naɗe gaɓa ɗaya, ya biyo lafiya. Na ƙara, ya biyo. Sai na fara ganin kaina ina nuna wa gwaggo kurkunu cikakke a ƙwarya, tana sa mini albarka. Na ji ya tirje, na ji sarai, amma na sake murza tsinken. Ya tsinke. Ragowar ta koma cikin nama kamar zaren da aka zare.

Abin da na yi bayan nan ya fi kunyata ni. Na shafa man shanu, na ɗaure wurin da ganye, na ce mata ya kusa. Da a ranar na aika wa gwaggo ko na kira wanzami, wataƙila da an tsaga an ceci ƙafar. Na yi shiru kwana uku saboda tsoron a ce ban iya ba. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ta. Da gwaggo ta dawo, tun daga ƙofar ɗaki wari ya gaya mata komai. Wanzami ya tsaga wuri uku, mugunya ta cika kasko.

Matar ta rayu, amma idon sawun ya ƙage, ba ta sake taka shi daidai ba. Gonar ba ta ba da ko dami biyar ba, dangin miji suka raba yaran a tsakaninsu. Gwaggo ba ta zage ni ba. Ta rufe littafin da nake haddacewa ta ajiye, ta sa ni wanke mikin da ruwan bagaruwa safe da yamma har ya warke. Ranar da matar za ta tafi na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ta ce ai ita ta roƙe ni, in daina kuka kada idona ya ƙara ƙanƙancewa. Ta dogara sanda ta fita. Da ta tsine mini da ya fi mini sauƙi.

Na ci gaba da karatu, yanzu har ana kirana ni kaɗai, amma ban taɓa jin na cancanci hakan ba. Ke da kike koyo, ki sani mai ciwo zai roƙe ki abin da zai cuce shi, kuma zuciyarki za ta ce miki tausayi ne. Ki binciki wannan tausayin, don nawa akwai son yabo a cikinsa. In kuma hannunki ya yi kuskure, ki tashi a take ki faɗa wa wanda ya fi ki sani. Kunyarki za ta wuce cikin mako guda. Ita kuwa baiwar Allah nan, duk ranar kasuwa ina hango ta tana jan ƙafa.