Shaidar Ɗakin Tikiti

Mutanen Azare sun san ni da faɗa. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa a firamare, kuma babu yaron da ya wuce ta hannuna bai ji na zagi kallon fim ba. Na sha tsayawa a gaban aji, bulala a hannu, in ce fim ne ya lalata tarbiyyar ƙasar nan. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, a zamanin samartakata babu bencin da ban zauna a kai ba a tsohon gidan siliman garinmu. Na san wanda ƙusarsa ke yaga wando, na san wanda kuɗin cizo suka fi yawa a cikinsa.

Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne. Doguwar katanga ce ba rufi, sai ɗan kwano a baya inda masu hali ke zama, da farin bango a gaba inda ake haska fim. A bakin ƙofa akwai wani ɗan ɗaki mai ƙaramar taga, nan ake sayar da tikiti. Mai tsaron ƙofar wani dogon mutum ne daga wajen Shira, in yana Hausa kana jin Fillancinsa a ciki. Baba mai ƙofa muke ce masa, tun kafin shekarunsa su kai a kira shi Baba. Shi ke yaga tikiti, shi ke raba faɗa, shi ke share wurin da safe.

Baba yana da wata ƙa'ida da duk mai shiga gidan ya sani. Wanda ya yaga wa tikiti, in suka haɗu a cikin gari, bai san shi ba. Ko a kasuwa ne, ko a masallacin Juma'a, ko wajen jana'iza, zai wuce ka kamar bai taɓa ganin fuskarka ba, sai fa in kai ka fara gaishe shi. In ka gaishe shi kuwa, zai amsa da fara'a, har ya tambayi mutanen gida. Dalilin a fili yake. A lokacin shiga silima abin kunya ne, in aka ji mai tsaron ƙofar silima ya kira ka a gaban mahaifinka ko surukinka, ka shiga uku. Da wannan ƙa'ida ya rufa wa rabin samarin garin asiri, har da 'ya'yan malamai, kuma ni ina sahun gaba a cikin waɗanda suka ci moriyarta.

Da bidiyo ya shiga gidaje, wa'azi kuma ya yi zafi a kan silima, sai mutane suka ja baya. Alhajin da ya mallaki gidan ya gaji da haska wa benci fim, ya rufe. Ranar da ake kwashe kaya na je da hantsi. A lokacin na fara koyarwa, na yi aure, na ce wa matata zan je duba benci ko makaranta za ta saya. Ƙarya ce. So nake in ga wurin gani na ƙarshe.

Ina tsaye ina kallon leburori na sauko da injin haska fim, sai Alhaji ya yafito ni. Ya san ni sarai, domin ɗan gida yake ce mini saboda yawan zuwana. Ya kira mai juya inji shi ma, ya tsayar da mu a gaban Baba, ya dafa ƙofar ɗakin tikitin.

"Malam, kai mai ilimi ne, ka zama shaida," in ji shi. "Wannan ɗaki na bar wa bawan Allahn nan, ya zauna a ciki iya rayuwarsa. Ko an sayar da gidan, ban da ɗakin, sai bayan ransa."

Na ce na shaida. Har na cika baki na ce zan rubuta takarda in kawo a sa hannu. Alhaji ya ce yadda na ga dama, shi dai ya faɗa. Ban rubuta ba. Na ce gobe, na ce jibi, daga nan na manta, ko kuwa na ga ya fi mini sauƙi in manta.

Gidan ya zama sito. Shekaru ana jibge buhunan gero da wake a inda muke zama, daga baya wani ɗan kasuwa mutumin kudu ya karɓi haya ya cika shi da katifu. Duk wanda ya zo, Baba yake tararwa a ɗakinsa, yana gadi, yana sayar da goro da ashana ta tagar tikiti. Alhaji ya rasu. Mai juya inji ma ya bi shi. Ni kuwa na tara gemu, na zama mai jan salla a masallacin layinmu in liman ba ya nan. Da farko in na zo wucewa a kan mashin nakan ɗaga wa Baba hannu. Sannu a hankali na daina. Shi kuma bai taɓa karya ƙa'idarsa ba, sai ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa kamar ba kowa ne ya wuce ba.

Bayan na yi ritaya ne magadan Alhaji suka sa gidan a kasuwa, ƙungiyar unguwarmu ta saya don a mayar da shi makarantar Islamiyya. Ni aka naɗa sakatare. Babu wanda ya kai ni zaƙewa. Duk inda na zauna sai na ce ga ikon Allah, wurin da aka yi ta saɓo zai koma wurin karatu. Aka kawo birkiloli, aka yanka filin zuwa azuzuwa shida, aka fara ɗora kwano. Sai shugaban kwamiti ya ce ƙofar ta yi ƙanƙanta, yara ɗari uku ba za su riƙa fita ta nan ba, dole a rushe ɗakin tikiti a faɗaɗa ta. Aka aika wa Baba ya nemi wuri. Ya ce ba inda za shi, ɗakin nasa ne, marigayi ya bar masa. Magada suka ce su ba su taɓa jin wannan magana ba, kuma na yarda ba su ji ba.

Aka sa rana a zauna da mai unguwa. Kwana uku kafin ranar ban yi barcin kirki ba, ina ta shirya yadda zan fita daga wannan abu da mutuncina. Abin da na yanke shi ne, in Baba ya nuna ni, zan yi magana. Zan ce gaskiya ne, na zo duba benci a ranar, aka tsayar da ni. Kowa zai ga dole ce ta sa. Amma ni in miƙe da kaina in ce ina wurin, wannan ba zan iya ba. Tambayar da za ta biyo baya ita nake tsoro: duk malaman garin nan, me ya sa kai mai silima ya sani har ya kira ka shaida? Babban ɗan Alhaji yana wurin, kuma yana da wayo lokacin da ubansa ke ce mini ɗan gida. Dariya ɗaya zai yi, shekara talatin na faɗa da wa'azi su zube.

Muka zauna bayan la'asar a kan tabarmi, a gindin farin bangon nan, an shafe rabinsa da koren fenti. Mu bakwai ne da mai unguwa. Littafin rubuta bayanin taro yana kan cinyata. Baba ya zo da sandarsa, ya tsufa ƙwarai, ya zauna a gefe a kan bulo. Ya maimaita maganarsa ba tare da ɗaga murya ba. Mai unguwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko akwai takarda. Ya ce babu. Ya tambaye shi ko akwai shaidu.

"Mutum biyu ne," in ji Baba. "Ɗaya ya rasu."

"Ɗayan fa?"

Na sunkuyar da kai ina jiran in ji an kira ni. Wallahi na riga na shirya kalmar farko a bakina. Baba ya ɗaga kai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya zo kaina ya wuce, daidai yadda yake wuce ni a kasuwa.

"Ɗayan, in yana so, zai yi magana da kansa," ya ce.

A nan na gane wautata. Na zauna ina jiran mutumin da bai taɓa fara kiran kowa ba a gaban jama'a ya fara kirana. Shi kuma yana jiran in fara, kamar kullum. Mai unguwa ya dube mu, yana ba mai magana dama. Dama ce a buɗe, babu abin da ya riƙe ni sai girman kai. Maimakon in buɗe baki, sai na duƙa na rubuta abin da Baba ya faɗa a cikin littafin, kalma bayan kalma, da kyakkyawan rubutuna na malamin makaranta. Har yau littafin yana ofis, ba na son buɗe wannan shafi.

Mai unguwa ya ce tunda ba takarda ba shaida, ba shi da abin kamawa. Aka ba Baba mako biyu. Bai yi gardama ba, bai kai mako biyun ba ma. Ya ɗaure tabarmarsa da buta da akwatin ƙarfe, ya hau mota zuwa wani ƙauye a ƙasar Shira, wurin 'yar ƙanwarsa. Leburori suka rushe ɗakin a safiya ɗaya. Aka sa babbar ƙofar ƙarfe mai kyau.

Na yi wata biyu ina fama da kaina. In na tsaya jan salla sai in ji kamar duk sahun bayana sun san abin da na yi. Na san hukuncin mai ɓoye shaida, ni da bakina na sha karantar da shi. Na riƙa yi wa iyalina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har matata ta ce in ciwo ne in je asibiti, in kuma wani na zalunta in je in same shi. Ban san yadda aka yi ta gane ba.

Shugaban kwamiti na fara samu, a shagonsa. Na rufe ido na gaya masa komai, har da ɗan gida. Ya fashe da dariya, ya ce ashe ni ne mai yin fito da baki daga bencin gaba in fim ya tsinke, ai shi yana baya wurin masu kwano. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi ya ɗauka tsohon ƙirƙirar maganar ya yi don kada a tashe shi. Ya ce da na ce uffan a ranar, babu wanda zai musa mini, da sai a fasa katanga ta ɗaya gefen a yi ƙofar a can, aikin kwana biyu ne. Na fito daga shagon ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Washegari na tafi ƙauyen. Na tarar da Baba a zauren gidan, an shimfiɗa masa tabarma kusa da damin harawar awaki, nan yake kwana. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ko an gama rufin makaranta. Na ce Baba na zalunce ka, ka yafe mini. Na ce zan nema masa ɗaki a Azare ko da a gidana ne. Ya ce a'a, ƙafarsa ba ta sake hawa mota, kuma ɗakin da yake so ai babu shi. Ya ce ya ga halin da nake ciki a ranar, ya ga ina ta gyara hula, shi ya sa bai so ya ƙara mini ba.

Sannan ya ce akwai abu ɗaya. Tun da ya zo, mijin 'yar ƙanwar tasa yake gaya wa mutane cewa tsohon ya yi ƙaryar gado ne aka kore shi daga birni. Ita ma 'yar ba ta faɗa ba, amma ya ga ta yarda.

"Malam, in ba zai dame ka ba, ka gaya musu ba ƙarya na yi ba."

Aka kira su. Mijin ya shigo da fartanya a kafaɗa, matar ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida da tsintsiya a hannu. Na miƙe tsaye na ce ina wurin, da kunnena na ji, ɗakin nasa ne iya rayuwarsa, kuma ni ne shaidar da ya ƙi magana. Mijin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to Allah ya kyauta, ya fita gona. Baba ya ce ya gode, ya gyara tabarmarsa kusa da harawar ya kwanta.