Ƙafar Likita Milunka

Shekara talatin Milunka ta yi tana aikin likitan dabbobi a ƙauyensu da ke kudancin Sabiya, kuma babban abin taƙamarta shi ne ita camfi bai kama ta ba. Da an ce ranar Kirsimeti dole baƙo namiji ne zai fara taka gida don shekara ta yi albarka, sai ta taɓe baki.

Wata safiyar Kirsimeti saniyar maƙwabcinta Obrad ta kasa haihuwa, aka kira Milunka. Matarsa Stana ta tare ƙofa.

"Likita, ki yi wa Allah ki tsaya nan. Namiji bai shigo mana ba tukuna."

"Saniyar ta san da wannan dokar?"

Milunka ta haura katanga, siket ya dare har gwiwa, ta ceto uwa da ɗan maraƙi. Tana wanke hannu aka shigo da Budimir, mashayin ƙauyen, a rirriƙe, don ya zama baƙo namiji na farko. Ya kifar da teburi, ya yi amai a bakin murhu, aka ba shi zuma da sabuwar safa. "Kai dai Budimir ba ka da dama," in ji Stana tana dariya. Likita kuwa ko ruwa ba a ba ta ba.

Masara na fidda kai ƙanƙara ta kwantar da gonar Obrad. Aka manta da aman Budimir, aka ce Likita farar ƙafa gare ta. Gaisuwa ta ragu, masu shanu suka koma kiran wani daga birni. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta fara tambayar kanta ko da gaske ne, ita da digirinta a bango.

Da Kirsimeti ta zagayo, 'yarta Gordana ta sauko daga motar haya ta farko da jakunkuna. Milunka ta hango maƙwabta a tagogi, ta ruga ta riƙe ƙyaure.

"Mama, buɗe mana, ƙafata ta daskare."

"Leƙa titi tukuna, ko za ki ga wani namiji."

"Mama, har da ke?"

"Har da ni."

Motar takan juyo daga ƙarshen ƙauye bayan minti goma. Gordana ta sake hawa.

Maƙwabta sun dawo da gaisuwa. Milunka da kanta take ba da labarin, tana kiran kanta shugabar masu ilimi ta ƙauye, tana dariya har da hawaye. Kirsimeti shida ke nan Gordana ba ta zo ba.