Baba Mai Soso da Allon Ɗaki na Huɗu

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin masu digiri su farka, Baba Mai Soso ya riga ya cika bokitansa biyu a famfon bayan ɗakin karatu, ɗaya na wanki, ɗaya na ɗauraya. Alluna ashirin da uku ne a cibiyarmu ta binciken lissafi, har da na baranda da na ɗakin shan shayi, domin mutanenmu ba sa iya gardama sai da alli a hannu. Yakan ja soso daga sama zuwa ƙasa, ya bi da busasshen tsumma, sannan ya jera sabon alli guda uku a bakin kowane allo. Shekara ashirin da tara ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Ni ce nake tsara tarukan cibiyar yanzu: laccar ranar Laraba, bitar mako guda, zangon wata uku da masana ke zuwa daga ƙasashe su zauna kan matsala ɗaya, da horon malaman sakandare lokacin hutu. Kowace sanarwa na buga cike take da sunayen farfesoshi, ba wadda ta taɓa ɗaukar nasa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Doka ɗaya ce kowa ya sani a cibiyar: in kana son rubutunka ya kwana a allo, ka zagaye shi da layi ka rubuta "kada a goge". Sai dai masana lissafi sarakan mantuwa ne. Na ga wanda ya isa bakin motarsa da alli a hannu, makullin yana can bakin allo. Saboda haka rabin rubutun da ya kamata a zagaye ba a zagaye shi, sai hukunci ya koma hannun Baba, mutumin da bai wuce aji huɗu na firamare ba.

"Ban san abin da suke faɗa ba," in ji shi, "amma na san allon da ya gama magana da wanda bai gama ba."

Rubutun lacca, a wurinsa, hannu ɗaya ne, a jere yake, girmansa ɗaya, wannan ya gama, sai wanki. Na bincike kuwa hannu biyu ne ko uku, ga kibiyoyi ta ko'ina, an soke an sake, ga gutsattsarin alli a ƙasa saboda an danna da zafin rai. Irin wannan ba ya taɓa shi sai ya tambaya. Kuma idonsa bai tsaya kan rubutu kaɗai ba. Mai kula da ɗakin karatu ta shaida mini cewa an taɓa yin wata baƙuwar farfesa gajera wadda hannunta bai wuce rabin allo ba. Ranar laccarta ta biyu ta tarar da ɗan dandamalin katako a gaban allon, alhali ba wanda ya ce wa Baba uffan.

Nawa labarin kuwa ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na zo zangon wata uku ina ɗalibar digiri na uku. Juma'ar ƙarshe zan gabatar da hujjata ta lissafi gaban kwamiti. In ta tsaya, a bar ni shekara guda in kammala digirina. In ta faɗi, in haɗa kayana in koma gida hannu rabbana.

Ranar Talata wani tsohon farfesa baƙo ya zauna da ni awa biyu a ɗaki na huɗu. Ya fara wata hanyar kafa hujjar a kusurwar allo ta ƙasa, ya ce ta yi tsawo, ya ja mata layi, muka kama gajeriya. Na kwafe gajeriyar tsaf a littafina, na bar wadda aka soke, don mu haka muke: abin da ya yi daidai muke kwashewa, kuskure mu bar wa allo. Da yamma ya wuce filin jirgi. Ban zagaye komai ba, kuma ga waya a jaka amma ban ɗauki hoto ba. Washegari manajan gini ya ba da umarni a wanke kowane allo, saboda babban taron da za a buɗe ranar Alhamis.

Alhamis da safe ina bitar littafina na ga rami a hujjar. A layi na tara mun raba da abin da zai iya zama sifili, abin da lissafi ya haramta, kuma duk ginin hujjar a kansa yake zaune. Na ruga ɗaki na huɗu, na tarar da allo baƙi wuluk, ga alli uku a jere. Na kira farfesan, ya ba ni haƙuri, ya ce shi abin da ya soke ba ya riƙe shi a ka. Na zauna a matakala, ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifina.

Nan Baba ya same ni, da bokiti a hannu.

"'Yar nan, lafiya kika zauna kamar wadda aka yi wa rasuwa?"

"Baba, allon ɗaki na huɗu ne. Laifina ne, ban zagaye ba."

"Taso mu je," ya ce.

Ya buɗe siton da yake ajiye tsintsiya da bokitai. Ga allon nan jingine da bango, ya juya fuskarsa ciki, ya sa katako biyu tsakani don kada rubutun ya gogu. Ashe shi da kafinta sun kwance shi tun safiyar Laraba, suka ɗaura wani tsoho da ke ajiye a madadinsa.

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Hannu biyu na gani, da gutsuren alli har bakwai a ƙasa. Sannan kusurwar can, layi ɗaya ya ja mata, a hankali. Wanda ya tsani abu da tafin hannu yake share shi. Mai jan layi ɗaya zai dawo."

A siton nan na wuni, zaune kan kifaffen bokiti. Doguwar hanyar ta ƙara mini shafi shida, amma ba rami a cikinta, kuma ranar Juma'a ta tsaya. Sai bayan shekaru kafinta ya gaya mini cewa manaja ya ba Baba takardar tuhuma kan kwance kayan cibiya ba izini. Ita kaɗai ce a fayil ɗinsa cikin shekara ashirin da tara, kuma bai taɓa ambata mini ita ba. Ranar da na ji, kunya ta kama ni, na yi kuka.

Baba, kai ne ka karɓi tuhuma don ɗalibar da ko sunanta ba ka sani ba. Kai ne malamin da ba shi da ofis, mai gadin tunanin da bai nuna ba. Mu muna girmama amsa, kai kana girmama wahalar da ake sha kafin a kai gare ta. Yau duk ɗalibin da ya zo hannuna, darasin farko da nake ba shi naka ne: kwafe har abin da ka soke.

Litinin da ta wuce muka yi sammako muka cika allon babban zaure da godiya, kowa da hannunsa, har manajan da ya gaji wancan. Muka zagaye shi da layi mai kauri, muka rubuta "kada a goge". Baba ya shigo, ya ajiye bokiti, ya bi allon da ido a hankali tun daga sama har ƙasa, ya share ido da gefen hannun riga. Sai ya tsoma soso a ruwa.

"Baba, ba ka ga abin da aka rubuta a sama ba?"

"Na gani, 'yata, kuma na gode, Allah Ya yi muku albarka. Amma wannan ya gama maganarsa. Ƙarfe tara malaman sakandare za su shigo, a ina za su yi rubutu?"

Karo na farko ke nan da ya karya dokar, kuma ba wanda ya iya hana shi.

Mun gode, Baba. Allah Ya sa ka huta lafiya, Ya saka maka da 'ya'ya da jikoki masu kula da kai yadda ka kula da mu. Ku kuma masu karatu, duk aikin da ke hannunku, ku san shi yadda Baba ya san allo, kuma ku nemi mai soson wurin aikinku ku gode masa tun yana nan. Ni dai na koyi darasi, Baba: wannan karon a takarda na rubuta, inda sosonka ba zai kai ba.