Hoton Inna da Ɗan Farinta a Fagam

Mun tashi da asuba daga Kano, ana idar da salla, ni mai ɗaukar hoto da wani Alhaji mai sayar da tayoyi da direbansa. Fagam muka nufa, can ƙasar Gwaram. Buƙatarsa ɗaya ce, hoto shi da mahaifiyarsa. Ya haura hamsin, ita kuma jiki ya fara ƙi, kuma duk duniya babu takardar da ta haɗa fuskokinsu. Dalili kuwa, shi ne ɗanta na fari. Asalinsu masu shanu ne, Hausa suke yi yanzu amma kunyar tana nan. Ba ta faɗar sunansa, ba ta zama inda ya zauna, in ya shigo gaisuwa bango take amsa wa.

Ni ma da tawa damuwar. Kyamarata ta zamani ce, amma idon da nake ɗaura mata tsoho ne na zamanin fim, gadon maigidana, da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito tar. To ɗan gilashin da ke cikin kyamarorin yanzu, wanda hoto yake sauka a kansa in ka leƙa, ba don mai murɗawa da hannu aka yi shi ba. Duk abin da ka duba sai ka ga kamar ya yi, sai an wanke ka sha kunya. Shi ya sa na ciro na wata matacciyar kyamarar fim, na goge gefensa har ya shiga. Shi yana da da'ira a tsakiya. In saiti bai yi ba, abin da ka auna zai rabu biyu, in ya yi sai ya haɗe. Jajibirin tafiya na saka shi ban gwada ba. Ganganci ne, ba sai an gaya mini ba.

Titi lafiya lau har muka wuce Wudil. Gero ya nuna hagu da dama, hadari yana bin mu. Da muka hango duwatsun Birnin Kudu, direba ya ce cikinsa ya fara ƙara, muka tsaya wajen mai shayi. Ƙwai a can ya fi na Kano sauƙi, burodin kuwa na jiya ne ko shekaranjiya, Allah masani. Nan na auni hancin mai shayi, ya haɗe, na danna. Da na buɗe hoton, gwangwanayen madarar da ke bayansa ne suka fito har ana karanta rubutunsu, shi kuwa dishi-dishi. Ya leƙo ya ce, “Malam, madarar ka zo ɗauka ko ni?”

Gilashin ne bai zauna daidai ba. Na shiga mota na ɗage tagogi, na ciro shi da matsefata, na liƙa siririn salatif a gefensa. Sai a karo na biyu hancin ya fito. Alhaji kuwa agogo kawai yake dubawa.

Daga nan hanyar Gwaram ta ƙuntata. Ramuka, garken shanu masu tsallaka titi ba gaggawa, mata da ƙoren nono a bakin hanya. Dafaffiyar gyaɗa kamar kyauta, muka cika leda.

Mun iske Inna a kan tabarma ƙofar ɗakinta, 'yar siririya, bakinta garau. Ta yarda da hoto, amma da aka ce Alhaji ya zauna kusa da ita sai ta kau da kai. Shi da kansa ya ja baya taku shida, ya tsaya jikin rumbu. Hadari ya rufe rana, haske ya yi ƙasa, kuma a irin wannan hasken idon kyamarar tawa mutum ɗaya yake iya kamawa. In na saita ta, shi inuwa. In na saita shi, ita inuwa. Na yi ta murɗawa. Alhaji ya zagayo gaba ya ga hoton, ya ce, “Ɗauki hakan, Malam, ba komai.” Amma na ga ransa bai so ba, ni ma nawa ya ɓaci.

Sai Inna ta ce, “Kai ɗan nan, me ka ɓoye a ciki kake ta leƙe tun ɗazu?”

Na durƙusa na ɗora mata kyamarar a ido, ina tallafe da ita. Wanda ke tsaye a gabanta kuwa Alhaji ne.

“Af, mutumin ya rabu biyu.”

“Murɗa nan a hankali, Inna.”

Ta murɗa. Ta tsaya. Ta daɗe ba ta sauke ba, har hannuna ya fara sagewa. Alhaji ya ƙame, bai san inda zai sa idonsa ba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, “Ashe furfura ta kama shi haka.”

Ta miƙo mini kayana tana gyara mayafi. “Ka ce wa wancan ya zauna a bakin tabarma. Tsayuwar ta isa.”

Ya zauna, kamu biyu tsakaninsu, kowa yana kallon gabansa. Sau ɗaya na danna yayyafi ya sauko, aka shigar da ita ɗaki.

A dawowa ruwa ya raka mu har Wudil, muka shigo gida bayan magariba. Abin da na koya, na farko, kada in ƙara fita da gilashin da ban gwada ba. Na biyu, jinkirin murɗawa da hannu da yaran sana'a suke yi mini dariya a kansa, shi ya yi mini rana, don da kyamarar ce ta saita kanta da tuni mun gama mun tafi da hoton inuwa. Na tambayi Alhaji guda nawa zan wanke masa, ya ce biyu, ɗaya nasa ɗaya nata. Sai ya ce nata in bai wa ƙanwarsa ta kai, don daga hannunsa ba za ta karɓa ba.