Ƙara Tana Tafe

Ranar da hasken nan ya ratsa sama, kowa a layin ya saki baki, in ban da Baba Gilashi. Shi leɓɓansa ne ke motsi a hankali. Wanda ya gani zai ɗauka salati yake yi, alhali ƙirga yake.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana sa gilashin taga a gidajen da ke kusa da wurin fasa dutse. A can ya koyi abu guda: in an tashi nakiya, ido ne ke fara gani, ƙara sai daga baya, kuma ita ke cin gilashi. Tun daga nan ko walƙiya ya gani sai ya kama ƙirga. Yanzu baya ya ƙi, gwiwa ta ƙi, yatsu duk tabon yanka. Ranar Litinin ya rataye tef ɗin awonsa a ƙusa, ya ce wa matarsa ya ajiye aiki. Ta ce, "Bara ma haka ka ce."

Da hantsi ne, yana zaune kan benci a ƙofar shagon ɗinkin 'yarsa, sai wani abu ya wuce, ya fi rana haske, ya bar farin layi kamar an ja alli. Shiru, ko ƙis.

'Yar tasa, da cikinta wata takwas, ta bar keken ɗinki ta manna goshi a gilashin gaban shago, ita da abokiyar ɗinkinta. Baba Gilashi ne ya sa gilashin nan da hannunsa. Siriri ne, na wucin gadi, shekara shida yana cewa zai canza.

Ya miƙe da ƙyar, ya shiga.

"Ku bar jikin gilashin nan."

"Baba, ai ya wuce."

"Na ido ne ya wuce. Ƙara tana tafe."

Ya ja hannun rigarta har bayan teburin yanka, ya durƙusar da su biyun, suna ba taga baya. A wurin fasa dutse ƙirgarsa ba ta taɓa wuce goma ba. Yau ya kai sittin, babu komai.

Mai aski na maƙwabta ya leƙo ta tagarsa. "Baba Gilashi, ka ajiye aiki kuma kana yi wa kanka addu'ar kasuwa?"

Aka kwashe da dariya. Shi kansa ya fara jin kunya, tsoho da furfura yana tsugune cikin ƙyallaye.

"Baba, ƙafata ta sage," in ji 'yar, tana yunƙurin tashi.

"Ta sage ɗin. Zauna."

A ɗari da arba'in ƙarar ta iso. Ƙasa ta girgiza, ƙofa ta bugu, gilashin ya shigo shago gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, ga wani tsini mai tsawon tafin hannu ya kafe a kujerar da 'yarsa take zama. Ta dube shi, ta dubi kujerar.

Da rana rediyo ya ce dutse ne daga sararin samaniya ya tarwatse can sama, kuma yawancin waɗanda suka ji ciwo gilashi ne ya yanke su, don sun ruga taga kallo. A layin baya wani guntun dutsen kamar dunƙulen hannu ya huda rufin kwano, ya faɗa kusa da gadon wata tsohuwa.

Kafin la'asar mutane sun cika ƙofar gidansa, mai aski a gaba da filasta a kunci.

"Baba, ka yi haƙuri, bakina ne."

"Bakinka lafiya lau yake. Tagarka ce babu."

Ya dubi layin, taga bayan taga, duk a wangale. Tun kafin ya ɗaga komai ya ji bayansa ya amsa. Matarsa ta ciro tef ɗin daga ƙusa ta miƙa masa.

Ya fara da shagon 'yarsa. Ya auna sau biyu kamar kullum, ya rubuta a bayan hannunsa.