Yumɓun Mai Randa

Kowa a garin, Mai Randa yake ce mata, har 'ya'yan da ta haifa. Shekara arba'in tana ginin tukwane, kuma duk yumɓun daga rami ɗaya take haƙo shi, a gindin dutsen da ruwa ke gangarowa daga kansa. Yumɓu ne ja mai danƙo. Idan ta gasa randa ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, sai ta amsa da ƙara siririya, to a nan ne kawai ake ganin haƙorin Mai Randa, don ba mai yawan dariya ba ce.

Sai gwamnati ta ce za ta raya karkara da yawon buɗe ido. Aka zo aka ga dutsen, aka yaba, aka kewaye shi da waya. Wata safiya katafila ta cike ramin, aka malala kwalta a kai, wai wajen ajiye motocin baƙi. Wallahi ko sallama ba a yi mata ba. Abin da ta tsira da shi kwano ɗaya ne na yumɓu da ta jiƙa a bayan ɗaki.

Ƙanenta ya samu aikin gadi a bakin ƙofa, har da hula. Shi ya kawo mata jami'in wurin, wani mai fara'a da ba ya tsayawa jin amsa.

"Iya, mun gina miki rumfa," in ji jami'in. "Duk Asabar ki zauna kina gini, baƙi su ɗauki hoto."

"Da wane yumɓun, ɗan nan?"

"Za a kawo."

An kawo kuwa, tifa guda, rabinsa yashi. Ta gina tulu shida ta sa a wuta, duka suka dare. Da ta kai kuka, jami'in ya ce ai ba sai ta gasa ba, baƙi hannunta suke son gani. Don haka ta koma ga kwanon nan nata. Duk Asabar ta gina randa ana tafi, da yamma ta rushe ta, ta yayyafa ruwa ta rufe da tsumma. Randa ɗaya ta gina sau talatin da wani abu, kuma abin yana ci mata rai ba kaɗan ba.

Sau ɗaya ta ɗauki fartanya ta nufi gefen kwaltar, ko za ta samu bakin ramin. Ƙanenta ya sha gabanta.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Kora ta za a yi."

"Kai da hularka," ta ce, ta juya. Ba ta sake komawa ba.

Ana nan sai maƙwabciyarta, wata tsohuwa da suka yi ƙuruciya tare, ta shigo da ɓarin randa a hannu. Ta ce shekara ashirin tana sha a cikinta, jiya akuya ta ture ta, kuma ruwan roba ɗumi yake yi, ba ya wuce mata maƙogwaro.

Mai Randa ta daɗe tana kallon tsumman da ke kan kwanon. Ta san idan wannan yumɓun ya shiga wuta, babu wani, rumfar ma ta gama. Duk da haka ta gina, ta bari ta sha iska kwana huɗu, ta tara itace ta gasa. Da ta huce ta ƙwanƙwasa, randar ta amsa. Ta kai wa tsohuwar da kanta.

Ranar Asabar ta je rumfa ta zauna, hannuwa a kan cinya. Jami'in ya iso da baƙi cike da mota, kowa ya ɗaga waya.

"Iya, bismilla mana. Ina yumɓun?"

Ta nuna masa da haɓa.

"Ga shi can, ƙarƙashin motarku."