Ranar da ƙanena ya ƙi kiran yunwa ƙyanda

Jiya ina zaune wajen biki na ji wata tana cewa zamanin soja wanda ya cancanta shi ake turawa ƙaro ilimi. Sai da na aje ƙwaryar furata. Na ce da jikata, ɗauko wayarki ki rubuta.

Ƙanena Idi malami ne a makarantar likitoci ta Yamai. Shekarar babban fari aka zaɓe shi zuwa Faransa ƙaro sani kan ciwon yara. Ya zo garinmu Maijirgi yi mana sallama, har na daka mashi dakkuwa ta guzuri.

Ya tarar da yara ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja. Da kwamandan yankinmu ya zo rangadi, ya kira Idi gaban mutane ya ce, "Dakta, ka faɗa masu ƙyanda ce, ƙasar ga babu yunwa."

Idi ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙyandar da kunu ke warkarwa ban taɓa koya wa ɗalibaina ita ba."

Na ja mashi riga, na ce, "Ƙanena, yi shiru, jirgi na jiranka." Ya ce, "Yaya, in na yi ƙarya nan, mi zan je in koyo can?"

Shi ke nan, aka ba wani gurbinshi na zuwa Faransa. Idi ya tsufa yana koyarwa, bai taɓa ganin cikin jirgi ba.

Ku da kuka yi boko, ku gaya mani: wace cancanta ce ta wuce wannan?